Kawu a Amstadam, Alhaji a Johannasbag, Duk a Kan Benci Ɗaya

A Kassalafam ta Duwala ba a tambayar takardar makaranta kafin a naɗa mutum injiniya. Ka canza wa wayar wani dattijo gilashi ta kunnu, to daga ranar kai ne likitan rediyo da fanka da injin markaɗe, kai ne kuma za a tare a hanya a tambaya ko da gaske Turawa sun je wata. Haka aka naɗa ni. Ɗan shagona ba nisa da Kasuwar Kwango, a nan nake gyaran waya, ina zuba wa mutane karatun Alƙur'ani da finafinan Kano a kati. Ban taɓa cewa ni injiniya ne ba, amma kuma ban taɓa musantawa ba, don sarautar da daɗi take: idan gardama ta sarƙe a majalisar shayi, ni ake juyowa a kalla.

Ƙanina da ke Faransa shi ya jefa ni ruwa, da kyakkyawar niyya. Ya aiko mini da kaya a kwantena, tsofaffin wayoyi da dutsen guga da wata kwamfutar cinya da ta ga jiya ta ga yau, a ƙarƙashinsu kuma ga wasu fararen kwalkwali guda biyu, kowanne da sandunan hannunsa. Quest 2 ne, abin nan da ake ɗaurawa a fuska mutum ya tsinci kansa a wata duniyar da kwamfuta ta zana, ya waiga hagu ya ga hagu, ya ɗaga kai ya ga sama. A daren na haddace tarihinsa daga waya. Wani matashi ɗan Amurka, Palmer Luckey, shi ya kafa Oculus a 2012. A 2014 Facebook ya saye kamfanin a kan kusan dala biliyan 2, a 2021 kuma ya sauya wa kansa suna zuwa Meta, saboda tsabar yarda cewa nan gaba a cikin kwalkwali duk za mu tare. Quest 2 ya fito a watan Oktoba na 2020 a kan dala 299. Da Quest 3 ya fito a 2023 sai na biyun ya fara zama kwantai, kuma kowa ya san inda abin da Turai ta gaji da shi yake sauka: tashar jiragen ruwan Duwala. Washegari na zazzage wa majalisa wannan labari da muryar wanda aka yi cinikin a gabansa.

A majalisar akwai Kawu, wan mahaifiyata, tsohon dillalin shanu. Akwai kuma Alhaji, abokin darar Kawu tun zamanin mulkin Ahidjo. Su biyun ba su taɓa yarda a kan komai ba, daga ganin wata har farashin goro, amma la'asar ba ta taɓa yi musu ba tare da sun durƙusa gaban ramukan nan 30 ba, kowa da 'ya'yansa 12, ɗaya tsakuwa ɗaya tsinke. A lokacin 'ya'yan Alhaji sun matsa masa ya koma Garwa ya huta, shi ya sa Kawu ya wuni yana tsaki, wai duk Kassalafam ba sauran wanda ya isa ya zauna gabansa.

Shiru shi ne maganin ranar. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Kawu, ai wannan ƙaramin abu ne. Da waɗannan kwalkwali zan gina muku dara. Kana nan, Alhaji na Garwa, ku zauna a inuwa ɗaya kuna ganin juna."

Kawu ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ɗan nan, ka iya?"

Na ce, "Kafin azumi."

Mai shayi ya ƙara mini madara ba tare da na tambaya ba, alamar shi ma ya shaida.

Ashe kwalkwalin ba ya karɓar abin da mutum ya ƙera da hannunsa sai an buɗe masa ƙofar magina manhaja, ƙofar kuwa ba ta buɗuwa sai ka yi rajistar kamfani ko ƙungiya a shafinsu, ka kuma tabbatar da kanka da lambar waya ko katin banki. Ba a biyan ko sisi, ba kuma wanda zai zo ya duba ofis. Nan take na kafa kamfani, na raɗa masa wani dogon suna na Faransanci wanda kunya ba za ta bar ni in maimaita shi a nan ba, na naɗa kaina shugaba. Kuskurena da na faɗa a gida. Uwargida ta ajiye ludayi ta ce, "To Malam, Allah ya sa alheri. Tunda yanzu matar mai kamfani ce ni, kuɗin cefanen ma sai su san an samu ci gaba."

Daga nan sai Unity, manhajar da ake gina wasannin kwamfuta da ita, wadda wasu samari suka fara a Kopenhagen ta fito a 2005. Kyauta ce ga ƙaramin mai sana'a, sai dai kyautar tana cin data yadda ko bikin aure bai ci shinkafa ba. Na koma sayen datar dare, ina zaune ina gadin wani ɗan layi shuɗi yana rarrafe. Idan ya kusa kaiwa sai wuta ta ɗauke, batirin kwamfutar kuwa tun a Faransa ya riga mu gidan gaskiya. Malamaina su ne samarin YouTube, masu Turancin Amurka ta hanci, ni kuma Turancina na kasuwa ne, wanda ake sayen caja da shi. Yaro zai ce a danna maɓallin da ke sama ta dama, in duba in ga babu maɓalli babu dama, don bidiyon ya tsufa, an riga an sauya wa manhajar fasali. Na ƙarfafa wa kaina gwiwa da cewa a Yawunde ma Olivier Madiba da mutanensa na Kiro'o Games sun fitar da wasan Aurion a 2016, ga shi duniya ta san da su. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne su tawaga ce, sun yi shekaru suna abu ɗaya, kuma ba wanda ke katse su kowane minti biyar ya ce a zuba masa wa'azi a kati.

Duk da haka na gina wani abu. Fili, da bishiyar dalbejiya, da ramuka 30, da tsakuwa da tsinke. Saura a ɗora shi a kwalkwali. Cikin kwalkwalin Android ne, irin na waya, don haka sai an dunƙule aikin ya zama fayil ɗaya da ake kira APK, a tura shi ta kebul da wata 'yar manhaja mai suna adb. Wannan kam gonata ce, na ce, ai kullum abin da nake yi wa wayoyin mutane ke nan.

Na soka kebul. Kwamfuta ta ce ba ta ga kowa ba.

A nan laifi na kebul ne, kuma ni na fi kowa sanin haka, don ni ma ina sayar da irinsa: akwai kebul da caji kawai yake kaiwa, babu wayoyin da ke ɗaukar saƙo a cikinsa, a ido kuwa ba ka bambance su. Na hau benskin, wato acaɓa, zuwa unguwar Akwa na sayo mai tsada. Yanzu kwamfuta ta ga kwalkwalin, amma ta ce ba shi da izinin magana da ita. Na cire na mayar. Na kashe na kunna. Na sauke direba na sake ɗorawa. Na koma Akwa cikin yayyafi na yi wa mai kebul faɗa a gaban kwastomominsa, na ce masa ni ba baƙon sana'ar nan ba ne, bawan Allah ya ba ni haƙuri ya canza mini wani. Na dawo, magana ɗaya. Na fara zargin ƙanina da aiko mini da kayan sata da aka kulle. Har na rubuta masa saƙo mai zafi, Allah ya taimake ni data ta ƙare bai tafi ba.

Ana haka 'yata, wadda ke firamare, ta kawo mini abinci shago. Ta ga kwalkwali a kan tebur da kebul a jikinsa, ta ɗauka ta leƙa.

"Baba, akwai rubutu a ciki. Wai a yarda ko kada a yarda."

Tun ranar farko tambayar tana nan a cikin kwalkwalin tana jirana in amsa, ni kuma ina waje na zuba wa kwamfuta ido ina zagin Akwa da mutanenta. Na karɓa na danna, na ce mata dama gwada ta nake in ga ko tana da lura. Ta ce, "To Baba," da irin muryar uwarta.

Dunƙule fayil ɗin ma wani karatu ne. Sai ka zaɓi Android, ka zaɓi ARM64, ka zaɓi IL2CPP, sunayen da har yau ban san da wa suka yi kama ba, sannan ka danna ka tafi sallar la'asar, ka dawo, ka yi magariba, kwamfutar tana huci tana fitar da zafin da zai gasa soya. Da ya gama ya shiga kwalkwali, na neme shi cikin manhajoji na rasa. Ashe can wani lungu aka jefa shi, inda ake tara manhajojin da ba a san asalinsu ba, ga ni kuwa ubansa a tsaye.

Na buɗe. Duniya gaba ɗaya ruwan hoda ce, ƙasa da bishiya da tsakuwa, don haka Unity ke shafe duk abin da ya kasa gane fentinsa. Na gyara wannan, na sake shiga, sai na tarar da kaina a gindin wani dutse da ya fi gidan sama tsawo. Tsakuwar dara ce. A Unity idan ka rubuta ɗaya, mita ɗaya kake nufi, ni kuwa da santimita nake lissafi a kaina. Na ɗaga kai ina kallon tsinken Alhaji ya tokare sararin sama. Na gyara awo, sai na dawo a binne har wuya, ina hangen ramukan dara daga ƙasa.

Duk waɗannan na kwamfuta ne, ana gyara su da haƙuri. Wanda ba ya gyaruwa shi ne fili. Kafin kwalkwalin ya bar ka ka yi yawo a duniyarsa, sai ya ce ka zana masa iyaka a ƙasa, kuma abin da yake so shi ne mita biyu tsawo, mita biyu faɗi, wayam, ba kujera ba tabarma ba yaro. Wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai taɓa kwana a New Bell, inda Kassalafam take, ba. Unguwar nan tun haihuwarta a matse take. Jamusawa ne suka yanke ta gab da 1914, lokacin da suka ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wuri don su yi unguwar Turawa zalla, suka tura mutane baya, suka bar fili na kilomita guda a tsakani. Sarki Rudolf Duala Manga Bell ya ƙi yarda, suka rataye shi ran 8 ga Agusta 1914. Daga baya baƙi suka cika wurin, Hausawa fatake da mahauta, da Bamileke, da Basa, da Ewondo, da duk wanda jirgin ƙasa ko na ruwa ya sauke. Tun daga lokacin mutum ake ƙarawa, ba a ƙara ƙasa. A nan mita biyu sau biyu ba fili ba ne, ɗaki ne, kuma akwai mai haya a ciki, da matarsa, da ƙaninsa da ya zo daga Marwa neman aiki.

Na gwada a ɗakinmu bayan na jingine katifa. Na miƙa hannu zan ɗauki tsakuwa, na kwashe jeren kwanukan uwargida daga saman kabad, na aurenta, waɗanda ko baƙo ba a zuba wa abinci a ciki. Na gwada a tsakar gida, igiyar shanya ta shaƙe ni, matan gidan haya suna leƙe ta labule suna salati. Wata tsohuwa ta aika a tambayi uwargida a asirce ko an fara nema mini magani. Daga ƙarshe na haƙura da yawo, na koma ƙaramar iyaka ta zaune, na matso da ramukan kusa da gwiwa, abin da ya kamata in yi tun farko, tunda ban taɓa ganin wanda ya yi dara yana zagaye ba.

Saura babban aiki, haɗa mutum biyu a wuri ɗaya. Kwalkwali biyu ba sa ganin juna kai tsaye. Sai kowanne ya kira wata babbar kwamfuta a wata ƙasa, ita ce za ta buɗe musu ɗaki, ta riƙa kai wa wannan motsin wancan. Na ɗauki Photon, na wani kamfanin Jamus da ke Hambug, wanda ke barin mutum 20 su shiga lokaci guda kyauta. Na ce ashirin ai har da 'yan kallo. Suka ba ni wata doguwar lamba, shaidar manhajata, na manna ta inda aka ce.

Ranar gwaji na zaunar da Kawu da Alhaji a kan bencin mai shayi, gwiwa na gugar gwiwa. Sai da aka yi rigima kafin Kawu ya yarda ya cire hula, ya ce tun da ya yi aure ba wanda ya ga tsakiyar kansa a waje. Alhaji kuma tabaransa na magani ya maƙale a ciki. Na ɗaura musu, na ba su sanduna, na koma gefe na harɗe hannu. Yara sun cika layi, masu benskin sun kashe inji.

"To ga dalbejiya," in ji Kawu. "Ga rami. Ina Alhajin?"

"Ni ma ga ni a gindin dalbejiya," in ji Alhaji. "Ba kowa. Ya gudu ne?"

"Wa zai gudu? Ni?"

Dattawa biyu, farin akwati a fuskar kowa, suna lalube a iska kamar masu kamun sauro, kowa na rantsuwa shi ne ya zo ɗayan bai zo ba. Ni kuwa gumi ya jiƙa mini riga. Sai da dare na gano abin da ya faru. Photon yana da manyan kwamfutoci a yankuna da dama, kuma idan ba ka zaɓa masa ba, kowane kwalkwali zai auna da kansa ya tafi inda ya fi saurin amsa masa. Na Kawu, da na jona da wayata, ya zaɓi Turai ya sauka a Amstadam. Na Alhaji, da ke kan wayar mai shayi, wani layin daban, ya ga Afirka ta Kudu ta fi masa kusa, ya tafi Johannasbag. Kowa ya buɗe ɗakinsa ya zauna jiran baƙo. Mutanen da shekara arba'in ba abin da ya raba su, ni na raba su nahiya biyu a kan benci ɗaya.

Na ɗaure su duka a Turai. Washegari suka ga juna, wato kowa ya ga ƙwallon kai da hannaye biyu suna shawagi ba jiki, don iyakar abin da na iya zanawa ke nan. Alhaji ya ce tabbas Kawu ne, ya gane shi da rashin wuya. Aka fara jefa 'ya'ya. Ba a jima ba Kawu ya ce ya jera uku, ya ci. Alhaji ya ce bai ga ya motsa komai ba. A irin wannan manhaja kowace tsakuwa tana da mai ita, kuma motsin mai ita kaɗai ake aika wa ɗayan. Ni ban rubuta inda tsakuwa za ta koma hannun wanda ya ɗauke ta ba, don haka kowa darar kansa yake yi, kowa kuma yana cin wasa a idonsa.

"Alhaji, ka ji tsoron Allah, da girmanka!"

"Ni za ka ce wa haka? Tun a kasuwar shanu na san halinka!"

Muryar kuma sau biyu take zuwa, ɗaya daga bakin mutum a nan kusa, ɗaya bayan ta bi wayar ƙarƙashin teku ta je Turai ta dawo, ta yadda kowane zagi sai an ji shi an kuma ji maimaicinsa. Sai da liman ya biyo ta wurin aka yayyafa wa abin ruwa.

Na gyara wannan ma, kuma a nan ne abin ya fi ba ni haushi, don ranar da komai ya yi aiki ita ce ranar da Kawu ya yanke hukunci. Da fari jiri ya kama shi. Kwalkwalin yana son ya zana hoto aƙalla sau 72 a daƙiƙa, ni kuwa na cika dalbejiyata da ganye don burgewa, injin ya kasa ja, hoto ya riƙa tsalle, cikin Kawu ya riƙa juyawa. Zafin Duwala da gumi suka turare gilashin, sai an cire an goge. Ya ga kututturen da na zana a gefe, ya jingina da shi, sai ga dattijo a ƙasa, Allah ya sa buhun gawayi ya tare shi. Duk bai yi fushi da waɗannan ba. Abin da ya ɓata masa rai shi ne ya miƙa hannu, cikin hikimar da ya shekara yana yi, zai ɗan gyara zaman wata tsakuwa lokacin da Alhaji ke tari, sai tsakuwar ta ƙi tashi, don ba layinsa ba ne.

Ya cire kwalkwali. "Kai ɗan nan, wa ya ce ka sa ɗan sanda a ciki?"

Na ce ƙa'ida ce, Kawu.

"Ƙa'idar wa? Kuma ina mutane? Ina mai cewa kai Alhaji ka mutu? Ina mai tafi? In ci mutum ba wanda ya gani, na ci shi ke nan?"

Alhaji, karo na farko a tarihi, ya ce gaskiya Kawu ya faɗa. Na yi musu alkawarin zan zana 'yan kallo. Kawu ya ce 'yan kallon da ba su da wuya su riƙe abinsu.

Duk da haka da tafiyar Alhaji ta zo, ya karɓi kwalkwali ɗaya ya sa a jaka, albarkacin wahalata. Jirgin ƙasa zuwa Yawunde, na dare zuwa Ngawundere, mota zuwa Garwa. Na koya wa jikansa ta waya yadda ake kunnawa. Aka sa ranar karawa ta farko tsakanin Duwala da Garwa: Alhamis, 14 ga Maris 2024, cikin makon farko na azumi, bayan la'asar. Kawu da ya ce ba ya so, shi ya riga kowa zuwa, da sabuwar riga.

Kwalkwali ya ƙi shiga ɗaki. Na kashe na kunna, ya ƙi. Mai shayi ya ce, "Injiniya, yau fa rezo ba shi da lafiya, ko kuɗi ba sa tafiya ta waya." Na ce masa ya tsaya a kan shayinsa. Ai na riga na koyi darasi: duk lokacin da na zargi kebul, ko Akwa, ko ƙanina, laifin nawa ne. Saboda haka wannan karon ban zargi kowa ba, kaina na nufa kai tsaye. Na buɗe kwamfuta da azumi a bakina na shiga warware abin da na saƙa. Da intanet ta ɗan leƙo cikin dare, na yi maza na shiga shafin Photon, na goge tsohuwar lambar manhajata ɗungurungum, na karɓi sabuwa, na sake dunƙule fayil na ɗora wa kwalkwalin Kawu.

Da safe rediyo ya faɗa. Manyan wayoyin intanet guda huɗu na ƙarƙashin teku sun lalace a gaɓar Kodebuwa, ciki har da SAT-3 mai sauka a nan Duwala da WACS mai sauka a Limbe, ƙasashe da dama daga Afirka ta Yamma har ta Kudu sun shiga duhu. Rana ɗaya tak da laifin ba nawa ba ne, ita ce ranar da na hukunta kaina. Kwalkwalin Alhaji yana can fiye da kilomita 1,000 daga nan, yana kiran lambar da na kashe da hannuna, kuma ba a sauya masa ita sai da kebul, da kwamfuta, da wanda zai leƙa ciki ya ce ya yarda. Na fara yi wa jikan bayanin adb ta waya, ya saurara da ladabi har na gama, sannan ya ce, "Baba, wai caja kake nufi?"

Bayan salla wani direban babbar mota ya dawo mini da kwalkwalin a cikin buhun albasa. Na leƙa na ga wani baƙin tabo a tsakiyar hoton. Gilasan ciki masu tara haske ne, idan suka kalli rana ko na ɗan lokaci sai su ƙona allon. Na gargaɗi jikan a kan ruwa, na gargaɗe shi a kan yara, na manta da rana, a Garwa, a watan Maris.

Kawu da Alhaji kuwa suna darar su. Jikan yana jingine waya a jikin buta ya kira ta bidiyon WhatsApp, a nan wani almajiri yana motsa tsinken Alhaji, a can jikan yana motsa tsakuwar Kawu, 'yan kallo na ihu ta gefe biyu, kowane ɓangare kuma yana gyara zaman 'ya'yan da kyamara ba ta kama ba. Ba wanda ya nemi shawarata. Har yanzu ana ce mini Injiniya, sai dai akwai wani ɗan ja da ake yi wa ƙarshen kalmar wanda da babu shi. Kamfanina yana nan a rajista, uwargida takan tambayi lafiyarsa duk ƙarshen wata.

Kwalkwali mai lafiyar na ba yara haya da salla, suna shiga suna saran iska, ya fara mayar da kuɗin kwanuka. Mai tabon yana shago. Duk mai so ya zo Kassalafam ya tambayi shagon Injiniya, kowane yaro zai nuna masa yana dariya. Akwai ragi, zan haɗa masa da kebul mai kyau na Akwa, amma ya auno ɗakinsa kafin ya zo, don ba na karɓar kaya idan sun fita.